Sandar Ɗurin Jatau

Ranar nan kuna zaune a bencin nan, kai Nura ka miƙo mini wayarka, ka ce in kalli wani Bature yana liƙa ƙarfe a ƙasan bindigar toka. Bidiyon bai kai minti biyar ba. Ka ce, "Baba, wannan ai da injin waldata kafin shayi ya huce na gama." Sauran suka yi dariya. Ban tanka ba, don a lokacin kurfin masu fasa dutse na cikin wuta, kuma suna tsaye a kaina. Yau aiki ya yi sauƙi, sai ku gyara zama.

Kafin in dawo nan Mpape in koma wasa kurfi da gyaran guduma, na fi shekara ashirin ina gyaran bindigar toka a Yangoji. Ita wannan bindiga ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a tura tsumma, a sa harsashi, sannan a danna da sanda. In ba sandar, bayan harbin farko kulki ne kawai a hannunka. Sandar kuwa a ƙasan bututu take kwanciya, cikin wani dogon siririn ƙarfe mai kwari kamar indararo, da zobba biyu ko uku a jikinsa. Shi ne mariƙin sanda, shi ne abin da kuka ga Baturen nan yana liƙawa. Mai bindiga yakan yaba ƙota, ya yaba kunama, amma ban taɓa jin wanda ya yaba mariƙi ba. Sai ranar da ya ba shi matsala yake sanin akwai shi.

Mariƙin farko da na liƙa a maƙerar Kawu Ilu ne, yayan mahaifiyata, a ƙauyenmu can ƙasar Katsina. Na shekara uku a kan zugazugi kafin ya yarda in taɓa bindiga, kuma ko a ranar mataccen bututu ya ba ni. Ya ce in shafa wa bututun baƙin tukunya, in ɗora ƙarfen a kai, in ɗaga. Duk inda baƙi ya taɓa, nan ne tudu, in bi shi da magagari. Na shafa, na ɗora, na goge, tun hantsi har la'asar. In na ce ya yi, sai ya ɗaga su biyun ya kalli rana ta tsakaninsu. Muddin haske ya ratsa, ko kamar silin gashi ne, sai ya miƙo mini in sake.

Bayan nan sai dalma. A shafa ta a fuska biyun, a haɗa, a ɗaure da waya, a gasa a hankali a gefen garwashi, ba a tsakiyar wuta ba. Wuta ta yi yawa, bututu ya karkace, maharbi ya auna gada ya sami kututture. Wuta ta yi kaɗan, dalma ta ƙi gudu, ta bar kogo a ciki inda ido ba ya gani. Ruwa ya shiga ya zauna, tsatsa ta yi ta cin bututu shekara da shekaru, har ranar da zai fashe a fuskar mai shi. Injin waldarka, Nura, a daƙiƙa ɗaya zai ƙone wurin.

Da na gama na zura sanda, ta shige sumul, ta fito sumul. Na kai wa Kawu ina jiran yabo. Ya zare sandar, ya jefa ta cikin kwamin ruwan da muke kashe ƙarfe, ya ce, "Gobe." Da safe na ciro ta, na zura, ko zoben farko ta ƙi wucewa. Ya ce, "Maharbi ba a ɗaki yake harbi ba. Raɓa na dukansa, ruwan sama na dukansa. Ice kuwa yana shan ruwa ya kumbura. Duk bindigar da za ta bar maƙerar nan, sandarta sai ta kwana a ruwa an sake gwadawa." Na buɗe zobban kaɗan da magagari, na sake gwadawa, ya karɓa.

Da Kawu ya rasu, fari ya biyo baya, na ɗauko masaba da awartaki da zugazugi na yo kudu. Wani direban doya ne ya ce mini a Yangoji manoma sun yi yawa, maƙeri ya yi kaɗan. Na kafa rumfa a bakin hanyar gona. Yawancin aikina fartanya ne da garma da adda, amma kusan kowane gida akwai tsohuwar bindiga a bayan ƙofa, saboda birai da gadu ba sa barin masara. Akwai wanda ya kawo mini bindigar da aka yi wa bututu da famfon ruwa, ya ce in ɗora mata mariƙi. Na ce ba zan sa hannu a kanta ba, ya zage ni tas ya tafi. Akwai wani ɗan kasuwa mutumin Zariya da ya sa na yi wa tasa zobban tagulla, shi kuwa ko kaza bai taɓa harbi ba, a bango yake rataye ta. Kowa da irin tasa.

Bindigar Jatau ta mahaifinsa ce. Shi Jatau Bagware ne, maharbi, gajere mai faɗin ƙirji, ba ya son yawan magana. Ran da ya fara kawo mini ita kunama ce ta saki. Bai bar ta ya tafi ba kamar sauran mutane. Ya zauna a kan kututture tun safe har na gama, idonsa a kan hannuna. Da na miƙa masa, ya ɗana, ya saki, ya sake ɗanawa, ya ce, "Maƙeri, kai ka san aiki." Daga ranar babu wanda ya ƙara taɓa ta sai ni.

Na sha ce masa ya bari in ƙera masa sandar ƙarfe, ya huta. Ya ƙi. Ya ce ƙarfe yana ƙara a daji, gada tana jin sa tun daga nesa. Tasa ta icen dargaza ce, shi ya sare ta, ya gasa ta, ya miƙar, hannu ya goge ta har tana sheƙi. Shi Kirista ne. In ya harbo nama bai mutu ba, sai ya nemi Bafulatani a hanya ya yanka, don kawai ya kawo mini cinya in iya ci. Ranar sunan 'yata ta biyu, shi da matarsa Ladi suka fara isowa, tana ɗauke da doya a kafaɗa yadda matansu ke ɗauka.

Sai shekarar nan ta zo, wadda masu satar mutane suka matso yankinmu. Da farko labari muke ji daga nesa, daga baya ya zama ƙauyen da kake hango hayaƙinsa. Mutane suka daina zuwa gonakin nesa. Kowane ƙauye ya haɗa 'yan banga, aka ciro bindigogin da suka shekara goma a bayan ƙofa, duk aka yo kaina. Rumfata ta cika. Wata ta yi tsatsa har ba a ganin rami, wata ƙotarta gara ta cinye. Kowa cewa yake yau yake so. Na mayar da da yawa, na ce sun mutu, masu su suka ce na fi son manya.

Wata Talata, tsakiyar damina, na idar da azahar ke nan sai ga Jatau da sauri, abin da ban taɓa gani ba. Ya ajiye bindigar a kan uwar maƙera. Mariƙin ya ɓalle daga tsakiya har baki, zobba biyu sun lotse, an ɗaure da robar taya. Ya ce kwana uku da suka wuce santsi ya kwashe shi a kan dutse, yana ta cewa zai kawo bai samu zuwa ba.

Na ce, "Bar ta, jibi ka zo."

Ya ce, "Babu jibi. Sun ɗauki Asabe a gona yau da safe."

Asabe 'yar ƙanensa Bawa ce, a hannun Jatau ta girma. Ita da wasu mata biyu aka kora daji. Ya ce maharba da 'yan banga za su haɗu a wani ƙauye a gindin dutse kafin rana ta faɗi, su kwana can, da asuba su bi sawu kafin ruwa ya wanke shi.

Na ture duk aikin da ke gabana. Na kwance ƙota, na ɗumama bututun na cire tsohon mariƙin, na kankare tsohuwar dalma. Bututun lafiyarsa lau, babu tsatsa ko ɗigo. Na miƙar da mariƙin a kan uwar maƙera, na bi da baƙin tukunya da magagari, na ɗaga na kalli rana, haske bai ratsa ba. Zobban ba su gyaruwa, sai na naɗe sababbi. Ina naɗewa yana cewa, "Ka matse shi, Maƙeri. Kada ya yi motsi. Mutanen nan suna da kunne." Na matse. Na ɗaure da waya, na gasa, dalma ta gudu daga wannan kai zuwa wancan kamar zare. A duk shekaruna ban yi liƙin da ya fi wannan kyau ba.

Ya huce, na mayar da ƙota, na zura sandar. Ta shiga daidai, ta fito daidai. Ya girgiza bindigar kusa da kunnensa, shiru. Ya yi murmushi.

Na ce, "Saura abu ɗaya. Sandar za ta kwana a ruwa."

Ya ce, "Maƙeri, rana ya tafi."

Na ce, "To bari in ƙara buɗe zobban kaɗan."

"In ka buɗe zai yi ƙara."

Na ce ya karɓi sandar ƙarfe ko ta yau kaɗai, ga ta nan a jingine. Ya girgiza kai. Mai babur ɗin da ya kawo shi yana jiransa a bakin hanya yana ta danna ham. Na dubi sandar, na dubi sama, garin garau, babu hadari ko kaɗan. Na miƙa masa. Ya rataya ta a kafaɗa, ya ce in ya dawo za mu yi magana, ya hau babur.

Kafin asuba hadari ya haɗu. Aka yi ta ruwa har azahar.

Abin da ya faru a dajin, daga bakin Bawa na ji shi, don yana gefensa. Sun yi tafiyar awa biyar cikin ruwa, kowa ya rufe kunamar bindigarsa da leda. Suka cim ma masu satar mutanen a bakin wani rafi. Jatau ne a gaba, shi ya fara harbi, kuma ya samu. Ya faɗa bayan wani gawo, ya zuba albarushi, ya tura tsumma, ya kai hannu ga sanda. Ta ƙi fita. Bawa ya ce ya gan shi ya dafe ƙotar da ƙafa biyu yana ja da hannu biyu, har ya sa haƙori. Da ta ƙi, sai ya miƙe tsaye don ya sami ƙarfin ja. A nan suka same shi. Su waɗancan bindigarsu ba a ɗura ta ta baki. Mutanenmu suka ja da baya da gawarsa da wasu biyu masu rauni. Matan ba a kuɓutar da su ranar ba. Sai bayan sati uku suka dawo, ta hanyar da kowa ya sani, wato kuɗin fansa.

Na je jana'iza, na tsaya daga bayan cocin har aka gama.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, Bawa ya zo rumfata da bindigar, mutum kamar goma na biye da shi, har da shugaban 'yan banga, wani ƙaton mutum da ake kira Oga Sunday. A kwanakin nan rana ta fito, bindigar kuma tana jingine a ɗakin girki kusa da murhu. Bawa ya ajiye ta ya ce, "Ga shi. Sandan ya ƙi fita. Ka duba."

Kafin in taɓa, Oga Sunday ya ɗauka. Ya sa yatsa biyu, ya zare sandar sumul. Ya mayar, ya sake zarewa. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

Ya ce, "Bawa, wannan ne ya ƙi fita?"

Bawa ya ce da idonsa ya gani. Wani daga baya ya ce harbin gada daban, harbin mutum mai mayar da wuta daban. Wani ya ce Baba Jatau ya tsufa, hannu yakan yi rawa, ba abin kunya ba ne. Oga Sunday ya dafa kafaɗata ya ce, "Maƙeri, aikinka babu matsala. Tsoro ne ya kama shi, Allah ya ji ƙansa." Bawa ya tsaya yana kallon sandar. Ga dukkan alamu shi ma ya fara shakkar abin da ya gani.

Da na yi shiru, da shi ke nan. Suna ta shirin tafiya.

Na ce su dakata. Na mayar da sandar cikin zobbanta, na jiƙa buhu sharkaf a kwami, na naɗe bindigar daga tsakiya zuwa baki, na kwantar a inuwa. Na ce duk mai son sanin yadda Jatau ya mutu ya dawo bayan la'asar. Ina aiki ina ƙara wa buhun ruwa.

Suka dawo, har sun fi na safe yawa. Na kwance buhun, na miƙa wa Oga Sunday. Ya sa yatsa biyu, ta ƙi. Ya kama da hannu, ta ƙi. Ya sa wani ya riƙe ƙota, shi ya ja da hannu biyu har jijiyar wuyansa ta tashi. Ko motsi ba ta yi ba.

Na ce, "Haka ta yi masa. Ice ne, ya sha ruwa ya kumbura, zobban kuma na matse su. An koya mini in gwada da ruwa kafin bindiga ta bar hannuna, ban gwada ba. Jatau bai ji tsoro ba. Aikina ne."

Wani ya ce ai shi ya matsa mini, mai babur ya shaida. Na ce shi maharbi ne, ni ne maƙeri. Wani dattijo ya ce ko da sandar ta fita, harbi ɗaya zai ƙara, ba zai hana abin da Allah ya rubuta ba. Wataƙila haka ne. Bawa ya matso. Ya ɗauki bindigar, ya goge ta da gefen rigarsa, ya tafi.

Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya kai ƙarata. Amma daga wannan makon bindiga ta daina zuwa rumfata. Waɗanda suka bar nasu suka zo ɗaya bayan ɗaya suka karɓa, wasu ko gyarawa ban yi ba. Fartanya ma ta ragu, don gonakin nesa duk an bar su, wanda kuma ke da aiki sai ya wuce da shi Kwali. Sai in hura wuta da safe, gawayi ya cinye, ban ɗora komai ba. Da kaka ta wuce na tura iyali gida. Wani ɗan garinmu da ke fasa dutse a nan ya ce masu kurfi suna neman maƙeri. Na ce to.

Ranar da zan tashi, na riga na kwance rumfa. Zugazugi na cikin buhu, masaba da awartaki na ɗaure, uwar maƙera mutum uku sun taya ni mun kai ta bakin hanya, muna jiran motar doya da za ta shiga gari. Sai na hango mace tafe da kaya a kafaɗa. Ladi ce, matar Jatau. Tun jana'iza ban gan ta ba, don na daina bin ta ƙofar gidansu.

Ta sauke kayan. Doya ce guda biyar, da fartanya a ɗaure a kai. Muka gaisa. Na yi mata gaisuwar da ban iya yi ba a coci, ta amsa.

Ta ce, "An ce za ka tafi."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Bawa ya faɗa mini abin da ka yi da buhu." Ta ƙara da cewa, "Kwana huɗu yara na ba su fita waje ba. Ana cewa baban su ya ji tsoro. Yanzu suna fita."

Ta kwance fartanyar ta miƙo mini. Ta Jatau ce, ni na ƙera ta, ruwan ya tsage daga wajen ƙota. Ta ce yanzu ita ke noman gonar bayan gida, kuma wannan ce daidai hannunta.

Motar ta iso, direba ya ce in yi sauri. Na ce ya wuce, zan bi ta gobe. Mutanen da suka taya ni suka sake taya ni muka mirgino uwar maƙera gindin mangwaro. Na kwance buhu, na kafa zugazugi a ƙasa, na roƙi gawayi a wurin mai shayi. Babu mai yi mini zuga, sai Ladi ta durƙusa ta kama, tana yi ina gaya mata ta rage ko ta ƙara. Na haɗe tsagar, na buɗe bakin, na kashe a ruwa, na wasa, na mayar da ƙota na ɗaure ta tamau.

Ta karɓa, ta sari ƙasa sau biyu a gefen hanya, ta duba bakin. Ta ce, "Ya yi." Ta ɗora ta a kafaɗa ta kama hanyar gida.

Ban ƙara taɓa bindiga ba tun daga shekarar. Washegari na hau motar doya, da kayana da doya biyar.